Jauro, lawan da alƙalin fada: ina ikonsu ya tsaya?

Sani_Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata magana ce ta tsaya min a rai, na ce bari in kawo ta gaban manya.

Yayana yana noma a wani ƙauye gabas da Garwa, nan arewacin Kamaru, ba zan faɗi sunan garin ba. Makon jiya shanu suka faɗa masa gonar masara da dare, ana saura 'yan kwanaki a karya. Da asuba shi da 'ya'yansa suka bi sawu har ruga. Yaran sun ɗauko sanduna, ya tsawata musu, ya wuce ƙofar jauro, wato mai gari. Jauro ya aika aka kira arɗo, aka tura dattawa biyu, ɗaya manomi ɗaya mai shanu, suka zaga gonar suka ƙiyasta ɓarnar buhu 5. Kafin la'asar ɗin washegari mai shanun ya amsa, ya biya kuɗin buhu 4, yayana ya yafe ɗaya, aka shafa fatiha. Jiya ma matar mai shanun ta kawo nono gidan. Wallahi na ji daɗi.

To a makon nan dai, a ƙofar lawan ɗin da ke sama da wannan jauro, aka kama wani yaro ɗan shekara 17, ɗan maƙwabcin yayana, wai ya saci rago. Ba shaida, an dai gan shi ya bi ta bayan gidan da yamma. Dogarai suka ɗaure shi a zaure kwana biyu. Sai da ubansa ya sayar da akuyoyi ya kai sefa dubu 30 aka sake shi. Bayan kwana uku aka tsinci ragon ya bi wani garke. Kuɗi ba su dawo ba, ba wanda ya ce wa yaron yi haƙuri.

Tambayata: waɗannan shugabanni namu da ba su yi karatun doka ba amma su ke raba mana rigima kullum, ina iyakar ikonsu? Su ne ke riƙe da zaman lafiyarmu, ko mun bar musu abin da ba nasu ba?

Mai_Goro_Pitowa:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, da babu jauro a maganar yayanka da yanzu ana zaman makoki. Wannan kawai ya isa amsa.

Zulai_M:
Bai isa ba, Alhaji. Yaron da aka ɗaure fa? Shi ba mutum ba ne?

Tsohon_Magatakarda:
Ƙanena Sani, ka yi tambaya mai kyau. Na yi shekaru ina rubutu a kotu kafin in ajiye aiki, kuma na lura mutanenmu suna haɗa abubuwa biyu da doka ta raba.

Na farko sarakuna. Dokar da ta tsara su ita ce ta 15 ga Yuli 1977. Ta kasa su mataki uku, wanda a nan arewa yawanci ya zo daidai da lamiɗo, lawan da jauro. A idon gwamnati su mataimakan hukuma ne: su isar da umarni, su taimaka wajen tsaro da karɓar haraji. Dokar ta yarda su yi sulhu tsakanin mutanensu bisa al'ada. Abin da jauro ya yi wa yayanka ke nan, kuma daidai ne.

Na biyu kotunan gargajiya, waɗanda dokar 19 ga Disamba 1969 ta kafa. Iri biyu ne. Akwai kotun mataki na farko, wadda 'yan boko ke kira TPD, tana duba aure, saki, gado da makamantansu. Akwai kotun al'ada, tana duba bashi da diyyar ɓarnar dukiya. A nan ne za ka ga dattawan da ake kira asesar, mutanen gari waɗanda ba su yi makarantar shari'a ba amma sun san al'ada, suna zama tare da shugaban kotu. Ana so a samu wanda ya san al'adar kowane ɓangare a cikinsu. Hukuncin wannan kotu hukunci ne na gaske, ana rubuta shi, ana iya ɗaukaka ƙara. Kuma in an kai ka can, kana da ikon cewa ba ka yarda ta yi maka shari'a ba, a kai ka kotun zamani, muddin ka faɗa tun kafin a shiga cikin maganar.

Abin da nake so ka riƙe shi ne: daga sarakunan har kotunan nan, ba wanda doka ta ba ikon hukunta mai laifi. Sata, rauni, kisa, fyaɗe, duk na jandarma ne da 'yan sanda da mai gabatar da ƙara. Lawan ba shi da gidan kaso, ba shi da tara.

Mai_Goro_Pitowa:
A takarda ke nan, Baba. A ƙasa kuma wani abu daban.

Tsohon_Magatakarda:
Na sani, Alhaji. Amma wanda bai san abin da ke takarda ba, ko an zalunce shi bai san ta inda zai fara ba.

Bello_Mai_Shanu:
Bari in yi magana da bakin masu shanu, tunda mu ake kira kullum. Ni na fi son ƙofar jauro sau goma. Yana jin Fulatanci, ya san ubana, ya san burtalin da ke nan tun kafin a haife ni. In shanuna sun yi ɓarna na biya na tafi, ba a tsare min garke kwana da kwanaki har su rame.

Amma kada a ɗauka mu kullum daɗi muke ji. Akwai inda da zarar an ga Bafulatani an ga kuɗi. Ɓarnar da ba ta kai buhu ba a ce buhu uku, ka biya mai gona, ka biya mai sulhu, ka biya ɗan aike. Kuma wa ya raba burtali aka yi gonakin auduga a kai? Wanda ke raba ƙasa shi ne dai ke zaman shari'ar in shanu sun bi ta wurin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jauron da Malam Sani ya ba da labari ya yi adalci ne don ya tura mutum biyu, namu da nasu. Inda aka tura ɗaya kawai, ka san yadda za ta kaya.

Manomi_Gidar:
Bello, ba a kan burtali kawai shanu ke ɓarna ba. Da dare ake sako su, kuma yara ƙanana ake bar wa garke. Amma maganar mutum biyu na yarda da kai ɗari bisa ɗari.

Ɗalibin_Dang:
Ina karatun doka a jami'ar Ngawundare. Ƙari a kan bayanin Baba Magatakarda: rigimar manomi da makiyayi tana da kwamitinta na hukuma tun dokar 3 ga Yuli 1978. Sufurefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, shi ne shugaba, akwai ma'aikatan gona da na dabbobi, da sarkin garin. Aikinsu har da ware wurin noma da wurin kiwo da hanyar shanu.

Manomi_Gidar:
Ɗana, na taɓa kai kuka can. Kafin a fito a ga gonar sai da na haɗa kuɗin man mota, ranar da aka zo kuma an yi ruwa sau biyu, sawu ya ɓace. Wanda ke nesa da gari shi ya san abin da nake faɗi.

Jikan_Lawan:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma zan yi magana a matsayin wanda ya tashi a irin wannan gida. Kakana lawan ne, Allah ya jiƙansa. Tun bayan sallar asuba zaure yake cika. Wannan iyakar gona, wannan matarsa ta yi yaji, wancan bashin buhun dawa, wancan an zagi uwarsa a kasuwa. Baƙon da dare ya yi masa a gidan zai kwana, ya ci tuwo. Gawar da ba a san danginta ba shi zai yi mata sutura. Duk wannan ba albashi, ba ko sisi daga gwamnati. In ya karɓi kuɗin goro bayan sulhu, me za a ce?

Sannan maganar ɗaure yaro. Ku da kuke birni kun manta abin da ake yi wa wanda aka yi wa ihun ɓarawo a ƙauye? Na ga ranar da kakana ya sa aka shigar da wani mutum cikin gida, ya zauna a ƙofar zaure da kansa, samari sun kewaye da itatuwa. Birgad, wato ofishin jandarma, tana nesa, hanya ta yanke da damina. Da bai tsare shi ba da an kashe shi. Wani lokaci tsarewar ita ce ceto.

Ɗalibin_Dang:
Yaya, gyara kaɗan. A zamanin kakanka wataƙila haka ne, amma tun watan Satumba 2013 akwai alawus na wata: sefa dubu 200 ga mataki na farko, dubu 100 ga na biyu, dubu 50 ga na uku.

Jikan_Lawan:
Na sani. Amma wanda gwamnati ta amince da sarautarsa a rubuce ne ke samu. Jauro nawa ne a ƙauyuka da ba su da wannan takarda? Kuma dogari ba ya cikin lissafin, alƙalin fada ba ya ciki. Dubu 100 ga gidan da ke ciyar da baki talatin, ka lissafa.

Sani_Garwa:
Jikan Lawan, na ji maganarka kuma ta shige ni. In don a ceci yaron aka shigar da shi zaure, Allah ya saka. Amma ba wanda ya taru zai dake shi, daga gona aka je aka ɗauko shi. Kuma ceto ai ba ya zuwa da igiya da tarar dubu 30.

Jikan_Lawan:
In haka abin ya faru, to ba zan kare shi ba. Wannan ba irin ta kakana ba ce.

Malam_Liman:
Bismillah. Jama'a, tun kafin a zo ga dokar gwamnati, wannan hukunci ya saɓa wa shari'ar da muke cewa muna bi. Ƙa'ida sananniya ce: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. Mai rago ne zai kawo shaida. Bai kawo ba, sai yaro ya rantse a sallame shi. "An gan shi ya wuce" ba shaida ba ce ko a wane littafi. Alƙalan da muka tarar sai sun sauke Risala sun shiga Muhtasar kafin a ba su buzu, kuma suna tsoron kujerar, don sun san hadisin da ya ce alƙalai uku ne, biyu a wuta ɗaya a aljanna. Yau a wasu wurare ana naɗa mutum don ubansa ya yi, ko don yana da kusanci da fada. Kuɗin nan haram ne, wajibi ne a mayar, kuma a wanke yaron a bainar jama'a kamar yadda aka ɓata shi a bainar jama'a.

Hajiya_Asabe_Marwa:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. Ni alheri na gani a wurin alƙalin fada, kuma ba zan ɓoye ba. Da maigidana ya rasu, ƙannensa suka so su sayar da gidan da nake ciki da yara biyar. Na je fada ina kuka. Alƙali ya tara kowa, ya sa aka lissafa dukiya har tukunya, ya fitar da bashi, ya ba ni tumunina, ya raba wa yara, ya ce wa ƙannen ba su da komai tunda akwai ɗa namiji. Zama biyu aka yi. Da kotu na nufa, ban san Faransanci ba, ban da kuɗin lauya.

Sai dai ga inda na sha wuya. Da na je karɓar kuɗinsa na banki da na fansho, aka ce takardar fada ba ta aiki, sai na kawo hukuncin gado daga kotu. Aka sake tara dangi, aka rubuta takardar zaman iyali, aka kai TPD. Can kuma aka tambayi takardar aure, mu kuwa a masallaci kawai aka ɗaura. Na fi shekara ina zirga-zirga. Don Allah 'yan'uwana mata, ku matsa a yi muku takardar aure a meriya, wato ofishin magajin gari, a yi wa yara takardar haihuwa tun da wuri.

Zulai_M:
Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji. Ke kin dace da mai tsoron Allah. Yayata sau uku tana kai ƙarar mijinta ƙofar jauro saboda duka. Sau uku ana ce mata ta yi haƙuri, aure ibada ne. Tana durƙushe daga bakin ƙofa, maza goma a zaune, mijin yana cikinsu har ana miƙa masa shayi. Ta yaya za ta buɗe baki ta faɗi abin da ake mata a ɗaki? A na huɗu hannu ya karye, babanmu ya je ya ɗauko ta. Sulhu yana da daɗi in ƙarfi ya zo ɗaya. In ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa, mai rauni ake ba haƙuri kullum.

Hajiya_Asabe_Marwa:
Gaskiya ne ƙanwata. Da za a riƙa sa wata dattijuwa ta saurari mace a cikin gida kafin a fito zaure, da an rage da yawa. A unguwarmu uwargidan mai unguwa ce ke yin haka, kuma mata sun fi sakin jiki da ita.

Usman_Mubi:
Ni daga tsallaken iyaka nake bin ku. Ashe ku ba ku da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati kamar yadda muke da ita a Najeriya?

Tsohon_Magatakarda:
Babu a nan arewa, Malam Usman. Alƙalin fada na lamiɗo ne, ba ma'aikacin gwamnati ba. Inda ake da kotun da doka ke kira kotun alƙali shi ne ɓangaren da Ingila ta mulka, wajen Bamenda, kuma tun 1979 aka mayar da su ƙarƙashin ma'aikatar shari'a. Mu da Faransa ta mulka, maganar auren Musulmi da gadonsa tana shiga TPD ne a matsayin al'ada, da asesar Musulmi a zaune.

Malam_Tarihi:
Abin da ya sa mutane har yau ke ganin fada na da ikon ɗauri, gado ne. Tun da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usman Ɗan Fodiyo aka kafa lamiɗodin nan ƙarƙashin Yola, kowane lamiɗo yana da alƙalinsa da dogarainsa da gidan yarinsa. Ku duba sarautun fada ma, da yawa da bakinmu ake kiran su: Sarkin Yaƙi, Sarkin Shanu, Sarkin Fada. Jamusawa suka ci Ngawundare da Garwa a 1901, Marwa a 1902, amma suka bar sarakuna suna mulki a ƙarƙashinsu. Faransawa suka karɓa bayan 1916, su ma suka jingina da su. A 1946 ne aka cire hukuncin laifuka daga shari'ar 'yan ƙasa aka mayar da shi kotun Faransa. Doka ta canja, amma kakanninmu ba su ga dogari ya cire jar rigarsa ba, shi ya sa tsoron ya wuce daga uba zuwa ɗa.

Ɗan_Kusiri:
Ku da kuke maganar rago da masara ku gode wa Allah. Mu mun ga abin da ke faruwa in sulhu ya mutu. Rigimar Larabawa Shuwa da Musgum a 2021 a kan ruwa ta tashi. Masunta suna haƙa ramuka don su tare ruwa da kifi, shanu suna zuwa sha suna faɗawa. Irin maganar da ya kamata ta ƙare a gaban bulama, wato mai gari. A watan Agusta aka gwabza a yankin Logon Birni, a Disamba ta sake tashi har ta iso cikin Kusiri, aka ƙone kasuwar shanu. Dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Chadi, da idona na ga mata da yara a cikin kwale-kwale ba ko takalmi.

Abin da na fahimta shi ne, mai sulhu yana da amfani ne muddin kowane ɓangare na ganin shi na kowa ne. Ranar da aka fara cewa wannan bulaman nasu ne, wancan namu ne, ba mai zuwa ƙofar wani kuma. Bayan an lafa, wa aka nemo don a zauna? Su dai sarakunan da dattawan da malamai. Soja yana raba faɗa, amma ba shi zai ce gobe ga inda shanu za su sha ruwa ba.

Abakar_Injamena:
Ɗan Kusiri, mu muka karɓe ku a lokacin, Allah kada ya maimaita. A nan Chadi tsarin ya yi kama da naku. Akwai sultan, shugaban kanto wato hakimi, mai gari, da shugaban ferik wato rugar makiyaya, kuma dokar 2010 ta ba su ikon sulhu a maganganun da ba na laifi ba. A cikin Injamena kowace ƙabila tana da shugabanta, mu ma Hausawa in rigimar kasuwa ko ta aure ta tashi wurin namu muke fara zuwa.

Inda tamu ta fi taku zafi shi ne diyya. In an yi kisa, ko mota ta buge mutum, shugabannin ɓangarorin biyu ne ke zama, dangi su yi karo-karo a biya. Ba zan ƙi faɗa ba, ta hana ramuwar gayya sau da yawa. Amma akwai masu ganin tunda danginsu na da shanu, ran mutum ya zama abin ciniki. Kuma a kudu, inda yawanci ba Musulmi ba ne, da yawa suna cewa ba al'adarsu ba ce, ɗora musu ake yi. Hukuma tana cewa biyan diyya ba ya hana a gurfanar da mai kisa, sai dai in an riga an shafa fatiha, wa zai je ya ba da shaida?

Malam_Liman:
Malam Abakar, diyya a shari'a raƙumi 100 ce, kuma dangi suna ɗaukar ta ne a kisan kuskure. Wanda ya kashe da gangan, ko an yafe masa, a mazhabarmu ta Malikiyya shugaba yana yi masa bulala 100 ya tsare shi shekara guda. Ba a ce ya biya ya koma kasuwa washegari ba.

Ba_Suna_Mora:
A yankinmu tun da Boko Haram ta shigo, bulama da 'yan sintiri su ne idon gari. Baƙo ba ya kwana sai mai gari ya sani. An kashe wasunsu saboda haka, wasu sun bar garuruwansu suna kwana a Mora. Duk wanda zai yi maganar sarakunan ƙauye ya tuna da wannan. Amma ikon nuna mutum a ce ba a yarda da shi ba abu ne mai nauyi. Na san wanda rigimar gona ce tsakaninsa da wani, aka kai sunansa, ya daɗe a tsare kafin gaskiya ta fito.

Mai_Goro_Pitowa:
Mun yi nisa. Malam Sani tambaya ya yi a kan yaro ɗaya. Yanzu me uban zai yi?

Ɗalibin_Dang:
A doka hanya a buɗe take. Tsare mutum don bincike aikin jandarma ne da 'yan sanda, awa 48 ne kuma sai da ƙa'ida ake ƙarawa. Wanda ya tsare mutum ba bisa doka ba, sashe na 291 na kundin laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10. Uban zai iya kai kuka wurin mai gabatar da ƙara, ko ya rubuta wa sufurefe, don dokar 1977 ɗin nan ta tanadi horo ga sarkin da ya zalunci mutanensa, daga gargaɗi har tuɓewa.

Bello_Mai_Shanu:
Ɗana, bayan ya kai ƙarar a wane gari zai kwana? Wa zai ba shi gona baɗi?

Tsohon_Magatakarda:
Bello ya taɓo inda ke ciwo. Ɗalibi ya faɗi gaskiyar doka, amma ni ba zan ce wa talakan da ba shi da takardar fili ya fara da kotu ba. A fara ta sama da lawan ɗin a cikin gida. A samu limamin gari da dattijo ɗaya da ake jin nauyinsa su je su same shi shi kaɗai, ba a gaban fadawa ba. In ya ƙi, a wuce fadar lamiɗo, don ba kowane lamiɗo ke son a ɓata masa suna ba. In nan ma ba a ji ba, sai takarda ta tafi wurin sufurefe. Kuma shawarata ga kowa, ko sulhu mai daɗi irin na yayan Sani, a rubuta shi, ko da ajami ne, shaidu su sa hannu. Na ga maganar gona da aka kashe shekara ashirin ta taso bayan dattawan da suka shaida sun rasu.

Zulai_M:
Ni dai har yanzu ban gamsu ba. Kullum a lallaɓa mai iko, shi kuma wanda aka zalunta ya jira.

Jikan_Lawan:
Zulai, ba lallaɓawa ba ce. So ake a dawo da kuɗin kuma mutumin ya ci gaba da zama a garinsu.

Sani_Garwa:
Jama'a na gode ƙwarai. Na karanta wa yayana abin da Baba Magatakarda da Malam Liman suka rubuta ta waya. Shekaranjiya shi da limamin garin da jauron nan da ya yi musu sulhu suka je wurin lawan bayan isha'i. An dawo da dubu 20. Sauran dubu 10 an ce an riga an raba wa waɗanda suka yi aikin. Ranar Juma'a liman ya faɗa bayan salla cewa an ga ragon, yaron ba shi da laifi. Uban ya ce ya bar sauran, ba zai je ko'ina ba, gonar da yake nomawa ma aro ce daga gidan lawan ɗin.

Malam_Liman:
Alhamdu lillahi da abin da ya samu. Dubu goman nan tana nan a wuyan wanda ya ci.

Zulai_M:
Yaron fa, yaya yake?

Sani_Garwa:
Shatar igiya ta warke, amma tun ranar bai sake zuwa dandali ba, yara suna kiran sa mai rago. Ya ce wa ubansa ba zai zauna ba, so yake ya zo Garwa wurina ya koyi gyaran babur. In akwai mai gareji a cikinku da ke neman yaro mai hankali, ni zan tsaya masa.

Mai_Goro_Pitowa:
Ƙanin matata yana da gareji wajen Yelwa. Bari in yi masa magana yau da dare, gobe in sanar da kai. A bar shi ya taya ubansa girbi tukuna.